Mama, mu biyar ne a sujada amma na rubuta talatin

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ni saurayi ne ɗan shekara 28, haifaffen Jos. Da na gama makarantar Littafi Mai Tsarki aka aike ni aikin bishara ƙasar Chadi, wani ƙaramin gari a yankin Gera. Yau shekarata biyu da wata huɗu. Ranar da aka sallame ni majami'armu ta cika, dattawa suka ɗora mini hannu, Zumuntar Mata suka yi waƙa har mahaifiyata ta yi kuka.

Ga gaskiyar abin da ke nan. Larabcin Chadi har yanzu bai zauna a bakina ba. Ina iya cefane, amma in na buɗe baki zan yi dogon bayani sai yara su fashe da dariya. Ranar Lahadi mu biyar ne: ni, da wani malamin makaranta ɗan kudancin ƙasar, da matarsa, da 'ya'yansu biyu. Ɗan gari ko ɗaya babu. Amma a rahoton da na aika gida bara na rubuta cewa mun kai talatin, na haɗa da hoton da na ɗauka a wurin sunan jikan maƙwabcina, wani dattijo Musulmi wanda shi ne yake aiko mini da kunu duk lokacin da na kwanta ciwo. Aka karanta rahoton a majami'a, aka yi tafi, aka ƙara mini kuɗin tallafi. Tun daga nan na kasa komawa baya.

Kuɗin ma in an canza shi zuwa sefa ba ya kai ni ƙarshen wata. Bana sau uku zazzaɓi ya kwantar da ni. Barci ya ƙaurace mini, addu'a kuma in na durƙusa sai in ji kamar da bango nake magana. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata tana da hawan jini, kwanan baya ta faɗi a banɗaki, ƙanwata kaɗai ke kula da ita. Iyayen yarinyar da zan aura sun ce in ban fito ba zuwa Kirsimeti ba za su ƙara jira ba. Ina so in dawo, amma na san abin da za a ce: ya sa hannu ga garma ya waiwaya baya. Mama, in zauna ne ko in dawo? Don Allah ki ɓoye sunana da sunan garin.

Ɗanki a Chadi

Ɗana, sannu. Sannu da zafi, sannu da jiki, sannu da zaman kaɗaici. Na ɓoye sunanka da na garin kamar yadda ka roƙa. Da sassafe na karanta wasiƙarka, hazo bai gama tashi daga kan duwatsun Jos ba, ina sanye da rigar sanyi biyu, sai na tuna kai a can wataƙila a tsakar gida ka kwana kan tabarma, ka yayyafa wa zane ruwa ka lulluɓa don ka samu ka runtsa. Na san irin wannan kwanan. Ni da marigayi maigidana mun yi shekara tara muna wannan aiki a Nijar, wajen Maraɗi.

Za mu zo kan zama ko dawowa. Amma ka duba abubuwan da ka lissafa: zazzaɓi, faɗuwar naira, jinin mamarka, haƙurin surukanka. Wasu ba a hannunka suke ba, wasu rabi ne a hannunka. Guda ɗaya ne kacal yake hannunka ɗungurungum, rahoton nan. Da shi za ka fara, kuma a cikin makon nan.

Abin da ka rubuta ƙarya ne, ɗana. Ka riga ka sani, shi ya sa ka rubuto mini. Na kira shi da sunansa ne domin in muka laƙaba masa suna mai laushi, muka ce ƙarin gishiri ne ko bangaskiya ga abin da ke tafe, ba za mu iya tumɓuke shi ba. Ina so ka ga mutanen da ya taɓa.

Akwai gwauruwa a majami'arku, kowace majami'a tana da irinta, mai kasa tumatir da kabeji a kasuwar Farin Gada, wadda ranar baikon mishan take kwance bakin zane ta ciro kuɗin da ta ajiye na sabulu. A kan mutum talatin da babu su ta ba da shi. Akwai wanda za a aiko bayanka, ko baɗi ko nan da shekara goma. Zai tarar da mutum huɗu, ya rubuta gaskiya, a ce shi ne ya watsa garken da ka tara. Sai wanda ya fi tsaya mini a rai, dattijon nan mai kunu. Ya kira ka sunan jikansa domin ya ɗauke ka maƙwabci. Ka ɗauki fuskarsa da ta danginsa ka aika wata ƙasa a matsayin masu zuwa sujadar Kirista. Ka san yadda hoto yake yawo: daga wayar fasto zuwa ta dattijon ikilisiya, daga WhatsApp zuwa Facebook, kuma tsakanin Najeriya da Chadi 'yan kasuwa da direbobi ba su daina kai da kawo ba. Ranar da hoton nan ya koma garin da rubutu a ƙarƙashinsa, me dattijon zai ce wa limaminsu? Me zai ce wa surukansa? Mutumin da ya ciyar da kai kana kwance, ka jefa shi cikin abin da zai iya zubar masa da mutunci, ko ma fiye da haka, shi kuwa bai sani ba. Cin amana ne. Ko da babu wani dalili, wannan kaɗai ya isa ka ɗaga waya yau ka roƙi a goge hoton duk inda ya shiga.

Kai ma bai bar ka ba. Ka ce addu'arka ta zama kamar magana da bango, ban kuwa yi mamaki ba. Shekara guda ke nan ikilisiyarku tana yi wa Allah godiya saboda mutum talatin. Babu mai roƙo saboda harshenka da ya ƙi sakuwa, babu mai roƙo saboda barcinka, domin ba wanda ya san da su. Da hannunka ka toshe bakin masu yi maka addu'a. Ka tuna Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5. Bitrus bai zarge su da ba da kaɗan ba, ya ma ce gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne. Laifinsu shi ne nuna wa ikilisiya abin da ba haka yake ba. Da biyar ka rubuta, da ba ka yi wa kowa laifi ba.

Kada ka zuba wannan magana a zauren WhatsApp na ikilisiya inda kowa zai tsoma baki. Ka kira mutum ɗaya, wanda hukumar da ta aike ka ta ɗora a kanka, ko faston da ya san ka tun kana ajin baftisma. Murya ta fara zuwa, takarda ta biyo baya. Kada ka yi doguwar shimfiɗa. Ka ce, "Baba, rahoton da na aiko bara da waɗanda suka biyo shi ba gaskiya ba ne. Mu biyar ne. Hoton na wurin suna ne. Na yi zunubi, ina neman gafara, ina kuma neman taimako." Ka zauna da biro ka lissafa ƙarin kuɗin da ya shigo saboda rahoton, ka faɗi adadinsa, ka bar musu su ce a yafe ko a biya sannu a hankali. Ba zan ɓoye maka ba, mai yiwuwa a sa ka ƙarƙashin horo, mai yiwuwa wasu masu tallafi su janye hannu. Za ka ji zafi. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma dattawa suna bambanta yaron da ya kawo kansa da wanda aka kamo.

Bari in juya kaɗan ga mu da muke gida, domin akwai namu kason. Mu ne muke tarar mai bishara da tambaya ɗaya tun bai sauke jaka ba: mutum nawa suka tuba? Fom ɗin rahoto yana da gurbin lamba, ba shi da gurbin "na yi kwana tara a kwance" ko "yau a karo na farko na fahimci hirar tsofaffi." Wanda ya kawo lamba mai kauri shi ake yi wa tafi a taron shekara, wanda ya kawo gaskiya a riƙa yi masa kallon malalaci. Yaro yana zaune shi kaɗai cikin rana a ƙasar mutane, ya kuma san abin da kunnuwanmu suke so. Mu ma muna da abin tuba.

Da ma muna tuna tarihinmu. A Disambar 1893 samari uku masu bishara suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shigowa ƙasashen nan namu na ciki. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham zazzaɓi ya kayar da shi, ya koma Kanada ba shi da abin nunawa sai kaburburan abokansa biyu. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka samu aka kafa zango a Patigi. Daga wannan aiki nasu, wato ƙungiyar mishan ta SIM, ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, kuma asibitin Jankwano da kowa ya sani a garin nan yau sunan Bingham yake ɗauke da shi. William Carey, mai bishara ɗan Ingila, ya isa Indiya a 1793, bai ga baftismar ɗan ƙasa na farko ba sai ƙarshen 1800. Shekara bakwai ke nan. Kai kana da biyu da wata huɗu.

Batun harshe kuwa, mu da muka je Nijar da Hausarmu muka je, duk da haka sai da muka ɗanɗani baƙunta. Makon farko na shiga kasuwa, mai albasa ta ce mini dala ashirin. Na tsaya riƙe da kuɗi ban san abin da zan miƙa ba, mutane na jira a bayana, sai wata tsohuwa ta kama hannuna ta zaro sefa ɗari ta ba ta, ta ce mini, "'Yar nan, dala ɗaya biyar ce, jika kuma dubu." Na dawo gida na yi kuka, domin ni da nake koyar da mata a Jos na koma yarinyar da ake riƙe wa hannu. Kai ma na san ka sha irin wannan da riyal, tunda a kasuwannin Chadi haka ake lissafi, riyal ɗaya sefa biyar. Tsohuwar nan ita ta zama uwata a garin. Ita ta koya mini cewa a can in an ce likita asibiti ake nufi, ita ta riƙe ni ranar haihuwata ta biyu, ita ta dama mini kunun kanwa. Ta rasu a kan addininta na Musulunci, har yau kuma da alheri nake ambatonta. Ban taɓa sa ta cikin wani lissafi ba.

Baƙo makaho ne ko da yana da ido, sai an ja shi. Yaran da suke maka dariya su ne malaman da ba sa gajiya. In sun yi dariya ka ce su faɗa maka daidai, ka maimaita har su ce ya yi. Abin da nake zargi shi ne kunya ta sa ka rage fita, kana yini a ɗaki da waya kana kallon hotunan bukukuwan Jos, da yamma ka je gidan malamin nan ku ɗan taɓa Faransanci. In haka ne, harshe ba zai zo ba ko za ka shekara goma. Larabcin nan a bakin tabarma yake, inda ake dafa shahi a kan gawayi ana zubawa a ƙananan kofunan gilashi. In ka zo wucewa aka ce maka faddal, wato bismillah, ka tuɓe takalmi ka zauna, ka wanke hannu ka sa a tuwon gero da miyar kuɓewa tare da su, ko ba ka jin yunwa. Ka nemi mutum ɗaya wanda ba ya jin Faransanci, ka riƙa ba shi ɗan abin goro, ku yi awa ɗaya kullum da safe kafin rana ta buɗe, da ƙaramin littafi a hannunka. Kada jana'iza ta wuce ka, kada suna ya wuce ka, amma waya ta zauna a aljihu. Damina in ta sauka ka ɗauki fartanya ka bi dattijon nan gona. Mutanen Gera mutanen duwatsu ne kamar mu, sunan da ake kiransu da shi ma, Hajarai, daga kalmar dutse ya fito, kuma da yawansu suna da harshen gidansu daban, Larabcin na kasuwa da cuɗanya ne. Ɗan Filato ya san wannan zama, haka muke da Hausa a nan. Za ka kuma ci karo da Hausawa a manyan kasuwannin ƙasar, wasunsu zuriyar mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka suka yada zango. Ka je ka sha hira ka rage kewa, amma kada rumfarsu ta zama maɓoyarka.

Su kuma mutum huɗun nan na ranar Lahadi, ka daina yi musu kallon cikon benci. Malamin nan da iyalinsa su ma nesa suke da danginsu. Ikilisiya ce aka ba ka. Ka shirya musu wa'azi yadda za ka shirya wa dubu, ka koya wa yaran waƙa, ka bar malamin ya riƙa gyara maka karatu.

Sai jikinka. Lokacin da annabi Iliya ya gudu jeji ya zauna a gindin itace ya ce ya gaji, a ɗauki ransa, mala'ika abinci da ruwa ya ajiye masa, ya ce ya tashi ya ci, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci. Magana sai daga baya ta zo. Zazzaɓi uku a shekara ɗaya ba abin wasa ba ne. Ka je asibiti a gwada jininka, ka daina sayen ƙwaya a kasuwa kana sha yini ɗaya ka ajiye da ka ji sauƙi. Maganin zazzaɓin cizon sauro na yanzu na kwana uku ne, shanye shi ake yi duka. Gidan sauro dole ne ko a tsakar gida ka kwana. Chadi tana cikin ƙasashen da sanƙarau ke tashi da rani, ka nemi rigakafi in ba a yi maka ba. Ruwan sha ka tafasa ko ka tace. Rashin barci da ya wuce mako biyu, ga rashin jin daɗin abin da ka saba so, ga yawan ganin kanka ba ka da amfani, wannan likitoci suna kiransa ciwon damuwa. Ciwo ne kamar hawan jini, yana kama masu bangaskiya, yana kuma da magani. In har tunanin cutar da kanka ya taɓa gifta maka, kada ka jira amsar kowace hukuma, ka gaya wa malamin nan a ranar, ya raka ka wurin likita. Ba na kuma son mutum ya yanke hukuncin rayuwarsa cikin zafin bazara da ya haura digiri 40, cikinsa ba abinci, idonsa ba barci.

Aika ka kai kaɗai ma tun farko kuskure ne. Biyu-biyu Ubangiji ya aiki almajiransa, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Ka roƙi abokin aiki. Kafin a samu, akwai ikilisiyoyin 'yan ƙasa da suka daɗe a Chadi, ka nemi wani fasto dattijo ɗan ƙasar ka sa kanka a hannunsa, ka riƙa zuwa wurinsa duk wata kana buɗe masa cikinka.

Ƙarancin kuɗi ba rashin tattalinka ba ne. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar Amurka da take wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a yuro ɗaya, ba ta motsi. Ko an ƙara maka lamba a naira, abin da ke shiga hannunka raguwa ya yi, masu ba da baikon su ma tun cire tallafin mai suke fama. Ka rubuta wa hukuma lissafin wata ɗaya dalla-dalla da sefa, haya da gero da ruwa da gawayi da kati da magani, ka roƙi a riƙa yanka maka tallafin da sefa. Sannan ka nemi sana'a. Manzo Bulus da ɗinkin tanti ya ci abinci a Koranti. Mu ma akwai shekarar da muka yi wata huɗu ba a aiko mana ko kwabo ba, da keken ɗinkina muka rayu, kuma a bakin keken nan na san matan garin fiye da yadda na san su ta kowace hanya. Faifan sola na cajin waya ko koyar da Turanci zai ba ka amsa in an tambaye ka abin da kake yi a garinsu. Sai dai ka fara bincika abin da takardar zamanka ta yarda da shi, domin Chadi ba ta cikin ECOWAS, dokar baƙi a can daban take.

Mamarka. A nan zan taɓa abin da har yau yake mini ciwo. Muna Nijar mahaifina ya kwanta ciwon ajali. Lokacin babu waya a hannun kowa, wasiƙar ta kwana mako uku a wani ofis kafin wani direba ya kawo mana. Na iso na tarar an share makoki. An yi ta ba ni haƙuri da cewa aikin Ubangiji nake yi, na kuma karɓa, amma ban taɓa yarda cewa Allah ne ya bukaci haka ba, sakacin mutane ne. Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Yana kan gicciye ma sai da ya damƙa mahaifiyarsa a hannun Yahaya. Ka lura, bai sauko ba, amma bai ce wani zai duba ta ba, mutum takamaimai ya nuna. Wannan ya wajaba a kanka ko ka zauna ko ka dawo. Ikilisiyar da ta ɗauki ɗan gwauruwa ta aika Chadi ta ɗauki nauyin uwarsa, ko ta sani ko ba ta sani ba. Ka roƙi shugabar Zumuntar Mata ta fitar da mata biyu ko uku da sunayensu da ranakun zuwansu. A sayi abin awon jini na gida a koya wa ƙanwarka. Maganin hawan jini kullum ake sha, ba a dainawa don an ji sauƙi. A rage gishiri da magi, a sa kujera da abin kamawa a banɗaki. In aka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti nan take, ba a jiran gari ya waye. Ita ma ƙanwar taka ka tambaye ta yadda take. Kiran da aka yi maka, ita take biyan wani sashe na kuɗinsa, ba a kuwa ɗora mata hannu a majami'a ba.

Iyayen yarinyar nan ban ga laifinsu ba. Shekara biyu da wata huɗu 'yarsu tana zaune, ana tambayarsu a kowane biki. Amma ita ma talatin ta sani, ko ba haka ba? Bayan shugabanka, ita ce ta biyu da za ka kira, kafin ta ji a bakin wani. Ka gaya mata komai: ɗakin, rijiyar, nisan asibitin haihuwa, kuɗin, da ƙaryar. Kada ka nemi amsa a cikin wayar, ka ba ta lokaci. Kada kuma ka aure ta don ta zama maganin kaɗaici. Na ga matan da aka kai fagen aiki ba da kiran kansu ba, na ga yadda suka bushe a tsaye. In ta ji duka ta ce za ta, ka turo manyanka su tsayar da rana, ko da ƙaramin biki ne. In ta ce ba za ta iya ba, ku rabu cikin mutunci, kada ka bar kowa ya ce mata ta ƙi aikin Allah.

To, ga amsar tambayarka. Ka nemi hutu ka zo gida wata biyu ko uku, da sanin waɗanda suka aike ka. Kada ka sulale cikin dare. Ka yi sallama da malamin, ka yi sallama da dattijon, kuma shi ma ka nemi gafararsa kan hoton, da Larabcinka ko gurgu ne. Ka bar hukuma ta zaɓa maka hanya, domin ta Gamboru zuwa Maiduguri ba a shigarta da ka. Ka ga likita, ka zauna kusa da mamarka, ka sha gwaten acca, ka yi barci cikin sanyi. In da hali ka yi 'yan kwanaki a Miyango, inda masu wannan aiki suka saba zuwa hutawa tun zamanin Turawan mishan. Waɗanda suka gina wurin sun san jiki yana da iyaka.

Ayar garma da ka ambata, inda Yesu ya ce wanda ya sa hannu ga garma ya waiwaya baya bai dace da Mulkin Allah ba, tana da nauyi, ba zan rage mata ba, gargaɗi ce ga mai bin Ubangiji da rabin zuciya. Amma Littafin da ke ɗauke da ita shi ne ya ba mu labarin Abafaroditus, wanda ikilisiyar Filibi ta aika wurin Bulus, ya yi ciwo kamar zai mutu, kewar gida ta kama shi, Bulus ya mai da shi ya ce a karɓe shi da farin ciki, a kuma girmama irinsa. Shi ne kuma ya ba mu labarin Markus, wanda ya bar tafiya a Bamfiliya har Bulus ya ƙi sake ɗaukarsa, daga baya Bulus ɗin da kansa ya ce wa Timoti ya zo masa da shi don yana da amfani a gare shi. Garmar bin Almasihu ce, Chadi kuwa ɗaya ce daga cikin gonaki.

In son raina ka tambaya, ina so ka koma bayan hutun, da gaskiya a bakinka da abokin aiki a gefenka, domin a abin da na gani shekara ta uku da ta huɗu ne harshe yake buɗewa, kai kuwa ka riga ka sha mafi ɗacin. Amma in likita ya ce a'a, ko aka rasa mai riƙe mamarka, ko hukuma ta ce sai dai ka koma kai kaɗai yadda kake, ka zauna gida ba tare da sunkuyar da kai ba. Larabcin da ka koya shi ne Shuwa suke yi a Borno, ba zai lalace ba. Wannan hukunci kuma ku yanke shi tare, kai da dattawanka da mamarka da yarinyar nan, bayan ka ƙoshi da barci.

Ka rubuto mini bayan wayar farko, ko me aka ce maka. In ka yarda kuma, ka turo mini kwatancen gidanku ta hanyar da ka aiko wasiƙar nan. Ranar Alhamis bayan taron mata ba ni da wani aiki. Zan hau keke in je in gaida mamarka, in tafi da abin awon jinina, in ga ƙanwarka da idona. Maganar rahoton ba zan taɓa mata ba, wannan daga bakinka za ta ji.